Fleet Foxes: 'yan birnin da suke waƙa kamar daga ƙungurmin daji suka fito

Idan aka kunna maka waƙar ƙungiyar mawaƙan Fleet Foxes ba a faɗa maka ko su waye ba, da wuya ka canki shekarar da aka yi waƙar. Za ka ɗauka wasu dattawa ne masu gemu suka taru a wata tsohuwar coci ta kan dutse wajen 1970 suna rera abin da suka gada wajen kakanni, alhali lokacin da albam ɗinsu na farko ya fito a watan Yunin 2008 jagoransu Robin Pecknold shekararsa 22 kacal, kuma yaron birni ne ɗan yankin Seattle a Amurka da ya tashi da kwamfuta a ɗaki. Ba dace aka yi ba kuma, da gangan aka gina sautin ya fito haka. Ni abin da nake so mu warware kenan, waɗannan yaran ba gadon waƙar gargajiya suka yi ba, harhaɗa ta suka yi daga tsofaffin fayafayi da situdiyo, kuma idan ka kasa kunne sosai za ka iya nuna inda aka ɗinke kowane ƙyalle.

Su dai ana sa su ne a layin da ake kira indi fok, wato waƙa mai ƙamshin gargajiyar turawa da jita marar lantarki, amma samarin zamani ne ke yinta kuma ƙananan kamfanoni ke fitarwa ba manyan nan masu kuɗi ba. Kamfanin da ya ɗauke su a Amurka shi ne Sub Pop na nan Seattle, kuma abin dariyar shi ne wannan kamfanin da hayaniya ya yi suna, shi ya fitar da albam ɗin Nirvana na farko a 1989, jita mai ƙara da ihu da fushi, sai ga shi bayan shekara kusan ashirin yana tallar wasu samari da ke haɗa baki suna waƙar duwatsu da tsuntsaye. Ba su kaɗai ba ne a lokacin, Iron & Wine ma a Sub Pop ɗin yake tun 2002, ga Bon Iver da ya kulle kansa a wata bukka a jihar Wisconsin ya yi nasa albam ɗin da ya fito 2007. Kamar kunnen mutane ne ya gaji da ƙara a shekarun, kowa na neman abu mai sanyi.

Pecknold da abokinsa Skyler Skjelset tun sakandare suke tare a garin Kirkland da ke gefen Seattle, suna koyon jita suna sauraron Bob Dylan da Neil Young da Beach Boys, wato waƙoƙin zamanin iyayensu. A 2006 suka kafa ƙungiyar, furodusa Phil Ek wanda ya yi aiki da Built to Spill da The Shins da Band of Horses ya kama musu, waƙoƙin suka fara yawo a shafin zumunta na MySpace tun kafin albam ya fito. Shi Pecknold bai taɓa ɓoyewa ba cewa yawancin tsofaffin waƙoƙin da suka gina shi ta intanet ya sauke su zamanin su Napster, manhajar da ake musayar waƙoƙi kyauta, har ma ya kare masu saukewar a bainar jama'a. Ka riƙe wannan a ranka don shi ne tushen maganar, yaron da ke da duk waƙoƙin duniya a kwamfuta ba sai ya bi malami ɗaya ba, zai ɗebo daga Kalifoniya ta 1966 ya ɗebo daga Ingila ta 1969 ya ɗebo daga waƙar coci ta ƙarni na 19 ya zuba a tukunya ɗaya.

To mu fara da murya, don ita ce jarinsu. A wajenmu idan mawaƙi ya ja baiti 'yan amshi suka karɓa, ko su goma ne a layi ɗaya suke tafiya, sauti ɗaya, inda wannan ya hau nan kowa ya hau, ƙarfin abin a yawa yake da haɗin baki. Abin da su Fleet Foxes ke yi daban ne, mutum uku ko huɗu suna faɗin kalma ɗaya a lokaci ɗaya amma kowa a matakinsa yake, ɗaya a tsakiya riƙe da ainihin karin, ɗaya a samansa da tazara ƙayyadaddiya, ɗaya a ƙasa, idan suka haɗu sai ka ji wani sauti mai kauri wanda babu ɗayansu da ya yi shi shi kaɗai. Shi ake cewa hamoni. Kuma ba sabon abu ba ne, ko a cocin unguwa ana yi, abin da ya bambanta nasu shi ne sun mayar da shi gaba maimakon ado na baya. A yawancin waƙoƙin fof hamoni yana shigowa ne wajen amshi ya ɗan ƙara armashi ya fita, su kuwa sau da yawa shi ne ginshiƙin, kayan kiɗan ne ke raka shi. Ƙaramin faifansu Sun Giant na farkon 2008 ma da muryoyi zalla ya buɗe, babu jita babu ganga.

Ina suka samo? Hanya uku nake ji. Ta farko Beach Boys, musamman aikin Brian Wilson a Pet Sounds na 1966, inda ake jera muryoyi kusa-kusa da juna har su narke, da wannan siririyar murya ta can sama da ake shawagi da ita babu kalma, uuu da aaa kawai. Ta biyu Crosby, Stills & Nash da suka fito 1969, mutum uku da jita, muryoyin a buɗe suke masu haske, kana iya bin kowanne da kunne. Ta ukun ita ce mutane ba su cika sani ba, masu sharhi sun sha danganta su da waƙar Sacred Harp ta kudancin Amurka, sunan wani littafin waƙoƙin ibada ne da aka fara bugawa 1844, masu rerawar sukan zauna kashi huɗu suna fuskantar juna a bar fili a tsakiya, babu kayan kiɗa ko ɗaya, kowa ya buɗe maƙogwaro iya ƙarfinsa ba don masu kallo ba. Wannan ƙamshin na taron ibada ne ke sa waƙarsu ta yi kamar ta fi shekarunta.

Ɗauki waƙarsu White Winter Hymnal ka duba, ko minti biyu da rabi ba ta cika kaiwa ba sosai. Murya ɗaya ce ke farawa tana maimaita 'yar gajeriyar gaɓa kamar wanda ya maƙale, sai ta biyu ta hau kanta, sai ta uku, ana ɗan kaɗa kacau-kacau a baya, kafin ka ankara an cika ɗakin. Baitin ɗaya ne tal, doguwar jimla ɗaya, sau uku ake maimaita ta, tsakaninsu kuma sai jita mai lantarki ta ja wani layi mai tsabta ganga na dukan ƙasa-ƙasa muryoyi na bi babu kalma, a zagaye na ƙarshe kuma a janye kayan kiɗan a bar muryoyin tsirara. Karin kamar na waƙar yara, mai daɗi, amma idan ka bi kalmomin labarin wasu ne ke tafiya cikin sanyi ɗaya ya faɗi dusar ƙanƙara ta koma ja. Ƙungiyar mawaƙan Pentatonix sun sake rera ta a albam ɗinsu na Kirsimeti a 2014, yanzu akwai ɗimbin mutane da suka ɗauka waƙar biki ce, ana kunna ta ana raba kyauta, ba wanda ya tsaya ya tambayi me ya samu yaron da ya faɗi.

Abu na biyu shi ne eko, amsa-kuwwa. Wallahi idan ka cire eko daga albam ɗin farko rabin sihirin ya tafi. Abin da eko ke yi shi ne ya yaudari kunne game da girman wuri, murya busasshiya tana nuna mutum na kusa da kai a ƙaramin ɗaki, murya mai doguwar jela kuwa ƙwaƙwalwa za ta ce maka wannan a kogo yake ko a babban zaure mai dogon rufi. Su sun jiƙa komai da shi, murya da jita har da ganga, shi ya sa kake ganin duwatsu da kwari a ido alhali a situdiyo da ɗakunan gida a Seattle aka naɗi abin. Shi ya sa ma da suka fito ake ta kwatanta muryar Pecknold da ta Jim James na My Morning Jacket, wanda shi har cikin rumbun hatsi ya shiga yana naɗar murya don ya samu wannan kuwwar. Amma abin yana da farashi, eko yana nisanta mawaƙi da mai sauraro, kalmomi su dushe, kana jin kyau amma ba ka jin mutum. Wannan ne babban sukan da aka yi wa albam ɗin farko kuma a ganina akwai gaskiya a ciki, yana da kyau kamar hoton kalanda, sai dai da ƙyar za ka ce ga abin da ke damun mai waƙar.

Kayan kiɗan ba su da wani rikici, jita marar lantarki, wani lokaci mai tsirkiya 12 wadda ke ba da ƙyalli kamar jita biyu ake kaɗawa, mandolin, fiyano da ogan a hannun Casey Wescott, bes a hannun Christian Wargo, sai gangar da ba a cika dukan farantan ƙarfenta ba, an fi zama kan manyan gangunan masu zurfin sauti. A nan ne nake rabuwa da masu zuba su a kwando ɗaya da Mumford & Sons na Landan da suka fito da albam 2009, ko The Lumineers da suka yi tashe 2012. Eh duk akwai gemu da jitar katako, amma su waɗancan dabararsu ɗaya ce, a fara a hankali a yi ta hawa a buga ƙafa a tafa hannu kowa ya yi ihun amshi a filin wasa, Mumford kuma banjo ce a gaba ana kaɗa ta kamar ana tsere. Banjo ɗin ma da ake ɗauka ta turawan ƙauye ce asalinta bayi 'yan Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta a can bisa tsarin kayan tsirkiya na ƙwarya da fata da suka baro a gida, amma wannan zance ne na wata rana. Fleet Foxes ba su da wannan amshin na filin ƙwallo, waƙoƙinsu da yawa ma babu amshin da ke dawowa kwata-kwata.

Wanda ya kawo mu ga tsarin waƙa, inda nake ganin nan ne gwanintar take kuma nan aka fi yin biris da ita. Waƙar rediyo baiti ne, amshi, baiti, amshi, a rufe. Su kuwa sai su kai ka tsakiya su canja hanya gaba ɗaya. Waƙarsu Mykonos tana tafiya da kiɗanta mai ɗan sauri, ka saba da ita, kawai sai komai ya tsaya muryoyi su tashi su kaɗai, abin da ya biyo baya kuma kusan wata waƙar ce daban da wani takun, ba a koma ta farkon ba. Ragged Wood ma haka. Wannan salon na gina waƙa gunduwa-gunduwa a haɗe daga baya Brian Wilson ya shahara da shi tun Good Vibrations, su Crosby ma sun yi doguwar waƙa mai sassa a faifansu na farko. Sai kuma ɓangaren Ingila, Fairport Convention da Steeleye Span, waɗanda a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 suka ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauyen Birtaniya suka sa musu lantarki da ganga, daga nan ne wannan karin mai kama da na zamanin sarakunan da ya shigo, wanda ba farin ciki ba ne ba kuma baƙin ciki ba, yana rataye a tsakani. Ban yi mamaki ba da Ingila ta riga Amurka rungumarsu, kamfanin Bella Union na Simon Raymonde ya fitar da su a can albam ɗin ya kai na 3 a jadawali, turawan Ingila sun ji kayansu ne aka dawo musu da shi a sabon kwano. Mujallar sharhin waƙa ta Pitchfork kuma ta ba shi albam ɗin shekara a 2008.

Ko hoton bangon albam ɗin ma yana faɗin wani abu. Zanen Pieter Bruegel ne na 1559, wanda ya cusa karin maganar mutanen Holan sama da ɗari a hoto ɗaya. Daga nesa ƙauye ne mai kyau cike da jama'a kowa na harkarsa, matso kusa ka ga wani na buga kansa da bango, wani na ƙoƙarin yi wa alade aski kamar tunkiya, wani na cike rijiya bayan ɗan maraƙi ya riga ya nutse. Kyau daga nesa hauka daga kusa, daidai da abin da suka yi a waƙar dusar ƙanƙarar nan.

Albam ɗinsu na biyu Helplessness Blues ya fito 3 ga Mayun 2011 bayan wahala, sun naɗi abubuwa da yawa suka watsar suka sake, kuma a nan ne Pecknold ya amsa sukan da aka yi masa. Ya rage labarin daji ya fara maganar kansa, tsufa, bashin da ke kansa na iyaye, me zai zama. Ya ambaci Astral Weeks na Van Morrison na 1968 da Stormcock na Roy Harper na 1971 a matsayin abin da yake kallo, kuma kana jin Harper ɗin a yadda ake dukan jita mai tsirkiya 12 da ƙarfi a dogayen waƙoƙi. Morgan Henderson ya shigo da kayan busa da babban bes na tsaye, akwai waƙa mai minti takwas, The Shrine / An Argument, da ke ƙarewa da wata busa mai kururuwa irin ta jaz marar ƙa'ida, wadda na tabbata ta kori wasu masoyan na farko. Waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta kuwa maganar saurayi ce da aka raina a kan cewa shi na musamman ne, ya girma ya ga gara ya zama ƙaramin ƙarfe a cikin babban inji mai amfani, daga ƙarshe ya koma mafarkin da ma yana da gonar itatuwa ya yi ta aiki har jiki ya yi tsami. Gaskiya duk wanda ya taɓa yin noma da gaske zai yi murmushi a nan, mafarkin ɗan birni ne da bai san kaftu ba, amma ai shi ma ya san mafarki ne, kuma wannan ne karo na farko da na ji mutum a bayan ekon. Albam ɗin ya kai na 4 a Amurka ya kuma shiga takarar Grammy.

Daga nan sai shiru. Mai gangarsu Josh Tillman ya fita a farkon 2012 ya koma Father John Misty ya yi nasa sunan, Pecknold ya tafi Jami'ar Columbia a New York ya zama ɗalibi, a daidai lokacin da salon da suka taimaka wajen buɗe wa ƙofa ya cika tallar talabijin. Shekara shida kafin albam na uku Crack-Up ya fito a 2017 a kamfanin Nonesuch, sunan daga wani rubutun F. Scott Fitzgerald aka ɗauko. Albam ne mai nauyi, ana raɗa sai a fashe da ƙara ba gargaɗi, waƙa ɗaya sunaye biyu ko uku, ɗaya ta kusa minti tara, a ƙarshen wata ma sai ka ji an saka guntun kiɗan Mulatu Astatke na Habasha. Akwai masu cewa shi ne mafi girman aikinsu. Ni ina girmama shi fiye da yadda nake kunna shi, wani wurin ilimin ya yi yawa har ya danne daɗin.

Albam na huɗu Shore kuwa ya zo a 22 ga Satumban 2020 tsakiyar korona, an sake shi daidai ranar da dare da rana ke daidaita, kuma a nan ne maganar da na fara da ita ta fito fili. Sauran 'yan ƙungiyar ba sa cikin naɗin, Pecknold ne da injiniya Beatriz Artola da baƙin makaɗa, irin su Christopher Bear na Grizzly Bear a ganga, wato wannan taron muryoyin da kake ji kamar jama'a yawanci mutum ɗaya ne ke shimfiɗa murya kan murya. Muryar da ta buɗe albam ɗin ma ba tasa ba ce, ta Uwade Akhere ce, haifaffiyar Najeriya da ta tashi a North Carolina, wadda ya gano bayan ta sa bidiyon kanta tana rera Mykonos a Instagram. Akwai Tim Bernardes na Birazil da ya rera da harshen Fotugal, akwai guntun muryar Brian Wilson kansa yana ƙirga shiga kiɗa da aka ciro daga naɗin Pet Sounds, cikin waɗanda ya ce yana saurara a lokacin har da Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou, 'yar Habashar nan mai hidimar coci kuma makaɗiyar fiyano da ta rasu a 2023. A waƙa ta biyu, Sunblind, sai ya zauna yana jero sunayen mawaƙan da suka rasu waɗanda ya sha daga gare su, Richard Swift, John Prine, Bill Withers, Judee Sill, Elliott Smith, David Berman da sauransu. Ka ga bai jira masu sharhi su tono masa asali ba, da bakinsa ya karanto salsalar, kuma babu kakan ƙauye ko ɗaya a ciki, duk mutanen faifai ne. Sautin ma ya fi haske, an rage hazon, ganga ta matso gaba, kana jin ƙamshin kiɗan sol na baƙaƙen Amurka na shekarun 1970 a wasu wuraren.

Masu cewa to ai wannan ba waƙar gargajiya ba ce, na yarda da su, ban dai ga laifin ba. Su Fairport Convention ɗin ma da ake ganin su ne na asali 'yan Landan ne da suka je ɗakin ajiyar littattafai suka tono tsofaffin waƙoƙi, Dylan ma a fayafayi ya koyi yawancin nasa. Inda zan soki Fleet Foxes shi ne wani lokaci kyan yana yin yawa, komai a goge, ka yi ta jiran inda murya za ta karce ko wani ya yi kuskure ba ka samu, kuma kalmomin Pecknold daga 2017 sukan shige duhu har sai ka nemi bayani.

Wanda zai gwada, don Allah kar ka yi da sifikar waya, ekon da muryar ƙasa duk ɓacewa suke ka rasa me ake yabo, sa iyafis mai kyau. Fara da albam ɗin 2008 tare da Sun Giant don ka kama muryoyin, ka tsallaka zuwa Shore, sannan ka dawo Helplessness Blues. Crack-Up a bar shi sai kunne ya saba, idan ka fara da shi ba lallai ka kai waƙa ta uku ba.